An ɗora ni kan dattijon da ya koya mini aiki: yaya zan riƙe wurin ba tare da raini ba?

Ɗan_Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen manyanmu da suka taɓa riƙe mutane a wurin aiki. Ina aiki a wata babbar magaza ta kayan masarufi nan Maraɗi, shinkafa, sukari, mai, taliya, sari muke sayarwa. Lissafin kuɗi na karanta, da shi aka ɗauke ni. A watan jiya Alhaji, mai magazar, ya tara mu ya ce daga yau ni ne shef, abin da zai shiga da wanda zai fita duk sai da sa hannuna. To mai riƙe da makullin magazar dattijo ne, sa'an mahaifina, tare da Alhaji suka faro tun ana kasa kaya a tebur. Shi ya nuna mini yadda ake jera buhu da yadda ake gane wanda ruwa ya taɓa. Amma ba ya rubutu. Ɗan kasuwa zai zo daga Tibiri ko Gidan Rumji, ya ɗora masa buhu 20 bashi da baki kawai, sai da yamma ya ce mini "wane ya ɗauka, ka sani." In na ce Baba a cika takardar fitar kaya tukuna, sai ya yi shiru, ranar gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Direbobi da ƴan dako kuma shi suke kallo, in bai motsa ba babu mai motsawa. Ƙarshen wata in lissafi bai cika ba, ni Alhaji zai tambaya. Yaya zan yi?

Maman_Hafsat: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. Abu ɗaya zan ce kafin manya su zo: kada ka kuskura ka gyara masa zance gaban ƴan dako. Ko kai ke da gaskiya, ranar da ka yi haka ka rasa su gaba ɗaya.

Baba_Mai_Makulli: Ɗana, ni na riƙe makullin magaza har gemuna ya yi fari, bari in hwaɗa maka abin da ke ran dattijon nan. Ranar da Alhaji ya tara ku, kai ƙarin girma ka ji, shi kuwa abin da ya ji shi ne an daina yarda da shi. Takardar da kake miƙa mishi, a idonshi tuhuma ce. Mutumin da anka bar ma dukiya shekara da shekaru, ko allura ba ta ɓace ba, yau yaron da ya koya ma ɗaga buhu ya ce sai an sa hannu. Ka auna da kanka.

Kuma kar ka ɗauka ba shi da littafi. Yana da shi, cikin kai yake. Ya san wanda ke biya in kasuwar garinsu ta ci, ya san wanda sai kaka in an saida wake da aya, ya san wanda bakinshi ke da daɗi amma hannunshi ke da nauyi. Ba lakwal ɗin da ke koyar da wannan. Ka tahi gidanshi bayan la'asar, ba magaza ba. Ka zauna ƙasa ka gaishe shi, ka ce Baba an aza mini kaya, in ba ka kama mini ba zan ji kunya. Sannan ka roƙe shi ya lissaho maka masu bashi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya hwaɗa, kai ka rubuta. Kar ka ce shi ya riƙe biro.

Injiniya_AliƊanSofo: Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da zuwa gida, amma a ganina ba daga nan matsalar ta taso ba. Daga Alhaji take. An ce "kai ne shef" an tashi taro, ba a faɗi iyakar ikon kowa ba. Wa ke da hurumin ba da bashi? Har na nawa? Makulli yana hannun wa da dare? Na ga irin wannan a wurin gini: a naɗa yaro mai dipulom kan tsofaffin magina, maigidan aiki kuma ya ci gaba da kiran tsohon a waya yana ba shi umarni ta bayan fage. Yaron ya zama shugaba a suna, laifi kuma nasa. Ɗan_Bagalam, ka koma wurin Alhaji kai kaɗai, ka nemi ya fayyace waɗannan abubuwa, sannan ya maimaita su gaban kowa da bakinsa. Lallashi ba ya maye gurbin wannan.

Malam_Limanci: Maganar Baba da ta Injiniya ba su yi karo ba. Manzon Allah (SAW) ya ɗora Usama ɗan Zaidu kan runduna yana matashi, alhali cikinta akwai manyan sahabbai. Da Sayyidina Abubakar ya zama halifa, wasu sun so a sauya shi da wanda ya fi shekaru, ya ƙi. Ya raka shi da ƙafa Usama na kan abin hawa, har sai da ya nemi izininsa kafin ya riƙe Sayyidina Umar a Madina. Ka ga babba ne ya tsaya wa ƙarami gaban jama'a, abin da Injiniya ke so Alhaji ya yi ke nan. Batun rubutu kuma, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, ƙarami ne ko babba. In ka je wurin dattijon, ta nan za ka shiga. Ba zai ji ka zo masa da boko ba.

Hajiya_Kontabul: Tambaya ɗaya, ƙanena. Ranar da aka ba ka riƙon, an ƙidaya kayan da ke cikin magazar?

Ɗan_Bagalam: @Hajiya_Kontabul ba a ƙidaya ba, Hajiya. Alhaji tafiya ce gabansa ranar, yana gama magana ya shiga mota.

Hajiya_Kontabul: To wannan ya fi komai gaggawa, ya fi fushin Baba. Duk giɓin da ke nan tun bara, yanzu da sunanka yake kwana. Ka nemi a rufe ƙofa yini guda, ko a yi ranar da ciniki ya yi sanyi. A sauke jeri, a ƙirga buhu buhu, katan katan, jarka jarka. A ware wanda ya fashe, wanda ɓera ya taɓa da wanda kwanansa ya ƙare, a rubuta su daban. Ku uku ku sa hannu: kai, dattijon, da Alhaji ko ɗansa. Wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Ka gaya wa Baba gaskiya cewa takardar nan shi ma kariya ce gare shi, domin daga ranar babu mai waiwayo ya ce a zamaninsa abu ya ɓace.

Bayan nan ka sayi littafin fitar kaya mai kwafi uku, ɗaya ga mai saye, ɗaya ga mai ƙofa, ɗaya ya zauna a jikin littafin. Ka sa yaro mai hankali a bakin ƙofa da shi. Baba ya ce a ba wane buhu kaza, yaro ya rubuta nan take, mai ɗauka ya sa hannu kafin kamyo ya tashi. Ba ka ƙwace masa ikon cewa a bayar ba. Abin da ka hana kawai shi ne kaya su fita babu sawu.

Saliha_Burja: Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ina karanta wannan zuciyata na sosuwa, domin mu ko ƙofar ba mu samu ba balle shugabanci. Na gama lisans a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na yi bautar ƙasa ta shekara biyu, na yi istaj, wato koyon aiki, a wurare babu ko kuɗin kabu-kabu. Dosiye kuwa, wato takardun neman aiki, na ajiye har na gaji. Yaya Ɗan_Bagalam, don Allah ka faɗa mana tsakani da Allah, hanya gare ka ko kuwa?

Abba_Fada: Ƙanwata, tambayar ma ba sai an yi ba. A garin nan in ba ka da wani, takardarka ta kwana cikin durowa. A fadarmu masu lisans da masta sun fi rabi, da yawansu kabu-kabu suke yi.

Ɗan_Bagalam: @Saliha_Burja ba zan ɓoye miki ba, wani maƙwabcinmu ne ya kai ni ya ce a gwada ni. Amma gwaji kawai aka ce, babu albashi. Abin da ya zaunar da ni shi ne na tarar da faktir, wato takardun kuɗin kaya, na masu kawo kaya cushe cikin buhun leda, na zauna na jera su wata wata, na shigar da su kwamfuta. Cikin haka aka gano an biya wani kaya sau biyu, aka dawo da kuɗin. Daga ranar Alhaji ya san sunana.

Madan_RH: Na daɗe ina tace dosiye a wata ƙungiya mai zaman kanta, bari in sa baki. @Abba_Fada ban ƙaryata ka ba, sanayya tana aiki, a nan da ko'ina. Amma na sha ganin an kawo ɗan wane an zaunar da shi gaban kwamfuta ya kasa haɗa jadawali ɗaya, aka sallame shi cikin ladabi. Amsar Ɗan_Bagalam ta nuna abin: an kai shi ƙofa, abin da ya yi da buhun ledar nan shi ya riƙe shi.

Saliha, ga abin da nake gani kullum. Mutum ya yi istaj wata da watanni ya tafi bai karɓi takardar shaida ba. Kada ki bar wuri sai da ita, da hatimi, da kwanan farawa da na gamawa, da aikin da kika yi. A CV kuma a daina rubuta "na yi istaj a wuri kaza" a tsaya nan. Me kika yi da hannunki? Kin riƙe rajista? Kin shiga ƙauyuka tattara bayanai da waya? Kin rubuta rahoto? Shi muke nema. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Ki ba wani ya duba miki Faransancin, kuskure a layin farko yana kashe dosiye. Lambar wayar da kika sa ta zama wadda ke shiga, mun sha kiran mutum mu ji a kashe, mu wuce na gaba. Kuma ki rubuta Hausa cikin harsunan da kike ji, da Fulatanci ko Tamajak in kina ji. Masu aikin karkara a Dakwaro ko Mayahi wannan suke dubawa, amma yaranmu suna jin kamar ba abin rubutawa ba ne.

Ki je ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ki yi katin mai neman aiki in ba ki yi ba, sanarwa da yawa suna neman sa cikin dosiye.

Saliha_Burja: Na gode Madan, Allah ya saka. Katin ina da shi. Takardar shaidar ce ta wuri ɗaya ban samu ba, shugaban da na yi aiki ƙarƙashinsa an yi masa canji.

Madan_RH: Ki koma duk da haka. Ba mutum ke bayarwa ba, ma'aikatar ce. Ki tafi da takardar da aka karɓe ki da ita tun farko.

Nura_Sola: Ni dai shawarata ga masu jira, a haɗa da sana'ar hannu. Lantarki na karanta, da na ga shiru na bi wani maigida muna kafa faifan sola. Lokacin da aka yanke wutar Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, aiki ya yi mana yawa har muna mayar da wani. Yau yara uku ke ƙarƙashina. A riƙa bibiyar horon da FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ke tallafawa. Sannan a kiyayi sanarwar ɗaukar aiki da ke yawo a WhatsApp ana cewa a turo kuɗin dosiye. Wurin kirki ba ya karɓar kuɗinka don ya ɗauke ka.

Ɗan_Sandika: Kun yi nisa, ku bar ni in dawo da ku kan mai tambaya, domin akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ɗan_Bagalam, da aka ƙara maka nauyi, an ƙara albashi? Akwai kwantiragi a rubuce? An yi maka rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata? A gidajen kasuwancinmu an saba da tsarin ubangida da yaronsa: a yi maka aure, a ba ka babur, wata rana a ba ka jari. Yana da alherinsa, mutane da yawa a kasuwar Maraɗi ta haka suka tashi. Amma ranar da aka saɓa, ko maigida ya faɗi magada suka karɓa, ba ka da abin nunawa. Dokar ƙwadago ta 2012 ta sa aikin mako awa 40, hutun shekara kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki, kuma in za ka bar wuri dole a ba ka takardar shaidar aiki. Mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 tun Janairun 2024, bayan ya daɗe a sefa 30,047. Yanzu da kake shef, ka duba na ƙasa da kai ma. Dattijon nan da ya ƙarar da ƙarfinsa a wurin, akwai abin da zai karɓa in ya ajiye makulli? Wataƙila rabin fushinsa tsoron gobe ne.

Abba_Fada: Ka je ka ce wa Alhajin kasuwa awa 40? Ranar zai nuna maka hanya. Mu faɗi abin da zai yiwu.

Ɗan_Sandika: Ban ce ya shiga da doka a hannu yana ɗaga murya ba, Abba. Cewa na yi ya san haƙƙinsa. Wanda ke riƙe da lissafi shi ya fi kowa damar nuna wa maigida cewa rajistar ma'aikata ta fi sauƙi kan ranar da buhu zai faɗo wa ɗan dako a baya, a rasa mai ɗaukar asibiti.

Direban_Kamyo: Ni ban yi lakwal mai nisa ba amma ina cikin waɗanda ake shugabanta, ku ji namu. Mu ba ruwanmu da shekarun shef. Abin da muke kallo: in na kwana a Ɗan Isa ana jiran takardun duwan, ya kira ya ji ko na ci abinci, ko kuwa sai dai "ina kayana"? In taya ta fashe a hanyar Tasawa, zai yarda da maganata ko sai ya ɗauke ni ɓarawo? Kuɗin hanya yana fitowa kafin in tashi ko sai na yi ta bi? Dalilin da ya sa yaran can ke kallon dattijon, na tabbata shi ke zuwa sunansu da jana'izarsu, shi ke shiga tsakani in Alhaji ya yi fushi. Ka fara yin waɗannan, ka zo wurin kafin kowa, in ana sauke kaya kar ka zauna cikin buro kana latsa waya. Za ka ga sun fara tambayarka da kansu.

Diraktiris_Madarunfa: Maganar direba ta taɓa ni. An ba ni makaranta ina da ƙuruciya, cikin malaman akwai wanda ya koyar da yayyena, ga ni mace. Abin da ya taimake ni, duk shawarar da zan kawo taro sai na fara bi ta wurinsa mu biyu, in ji ra'ayinsa. Wani lokaci ya gyara mini, wani lokaci in ce Mushe na ji, amma ga dalilina, haka za a yi. A taro bai taɓa jin abu sabo daga bakina ba, shi ya sa bai taɓa yi mini musu gaban mutane ba. Sai dai in ƙara da abin da ba a so a ji: akwai wanda duk ladabin da ka yi ba zai sauko ba. In ka yi naka har ka gaji, ka rubuta abin da ke faruwa da kwanan wata, ka kai wa wanda ya naɗa ka. Wannan ba ƙarar dattijo ba ce, amana ce aka ba ka.

Injiniya_AliƊanSofo: Madalla, Diraktiris. Ni abin da ke damuna da bashin baki shi ne ranar da hanya ta toshe. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma takunkumin 2023, mutane nawa suka kasa biya? Wanda ya rubuta ya san inda zai bi. Wanda ya riƙe a ka, in ya kwanta ciwo fa?

Baba_Mai_Makulli: Injiniya, lokacin da kake magana ina cikin kasuwa. Waɗanda sunka biya bayan an buɗe hanya ba don takarda sunka biya ba, don kunyar wanda ya ba su ne. Na ga mai takarda da hatimi an bar shi da ita a hannu. A rubuta, ban hana ba, Malam ya kawo aya. Amma ranar da kunka kori mai sanin mutane kunka bar littafi kaɗai, ciniki zai bi shi.

Ɗan_Bagalam: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Ga inda aka kwana. Jiya na je gidan Baba kamar yadda aka ce. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo fura, mun daɗe. Ya yarda a yi ƙidaya, har ya ce shi ma ya fi son haka. Ya yarda da yaro a ƙofa, da sharaɗin shi zai zaɓi yaron. Ya lissafo mini masu bashi na rubuta, kuma abin da ya faɗa ya zo daidai da ɗan abin da nake da shi. Inda muka tsaya shi ne iyakar bashi. Na ce a sa adadin da in an wuce shi sai an tambayi Alhaji. Ya ce akwai mutum uku da tun kafin a haife ni suke ɗauka, ba zai tsayar da su a ƙofa yana kiran waya ba. Ban ce masa komai ba tukuna. Alhaji zai dawo jibi.

Hajiya_Kontabul: Yaron ƙofa kada ya zama ɗansa ko jikansa, wannan ka tsaya a kai. Mutum ukun kuma ka kai wa Alhaji sunayensu da abin da ke kan kowanne yanzu, shi ya yanke. In ya ce a bar su, ya sa hannu a ƙasan takardar.

Injiniya_AliƊanSofo: In aka ware uku yau, wata mai zuwa za su zama bakwai. Ni da ni ne, iyakar ta hau kowa, sai dai tasu ta fi ta saura yawa.

Baba_Mai_Makulli: A'a, Injiniya. Ku bar mishi ukun nan. Ya ba da ƙidaya, ya ba da ƙofa, ya buɗe abin da ke kanshi duka cikin zama ɗaya. Ɗana, in za ka shiga wurin Alhaji jibi, ku shiga tare da shi, kar ya ji labari daga waje.

Diraktiris_Madarunfa: Nan kam ban bi Baba ba. Maganar albashi da kwantiragi da Ɗan_Sandika ya kawo ba a yin ta gaban mutum na uku. Ya fara ganin Alhaji shi kaɗai, in an zo batun bashi sai a kira dattijon.

Saliha_Burja: Madan_RH, na gyara CV ɗin daren jiya, na sa aikin tattara bayanai da na yi a ƙauyukan Agye. Bautar ƙasar a wane sashe zan sa ta, ƙarƙashin karatu ko ƙarƙashin aiki?

Madan_RH: Ƙarƙashin aiki, ƴata, da sunan ma'aikatar da shekarun. Ki turo mini ta akwatin sirri in duba kafin Litinin.